Rundunar Ƙarƙashin Gado

"Hakeem, don Allah kar ka buɗe shi a nan..."

Dariya ya yi, ya zare akwatin daga hannunta.

"Janar, mutum shida ke jirana. In ban buɗe a nan ba a ina zan buɗe, cikin jirgin ƙasa?"

Safiatou ta kalli teburin. Ya fi gado biyu faɗi. Hakeem ya gina gari guda a kansa da soso da kwali da gam: rusassun gidaje, kogi na fenti, gada ɗaya a tsakiya. A kan gadar za a gwabza. Zauren otal ɗin cike yake da irin waɗannan tebura, kowanne da nasa yaƙin. Manyan mutane, wasu da furfura, sun duƙufa a kan sojojin roba da ba su wuce babban yatsa ba, suna auna tazara da tef, suna jefa ƙwayoyin ludo don a san harbin wa ya samu. Shekara da shekaru Hakeem na roƙon a ba shi tebur nasa a wannan taron. Bana aka ba shi.

Ya ɗaga murfin.

Sojoji sama da ɗari, kowa a raminsa na soso. Riguna shuɗɗa, bindiga a kafaɗa, har ƙurar takalmansu an zana.

Babu mai kai ko ɗaya.

Ya daɗe yana kallo. Ya ɗauki guda, ya juya shi, ya shafa wuyan da ɗan yatsa.

"Ina kawunan?"

Ta ciro gwangwanin madara daga jaka ta miƙa masa. Ya girgiza shi. Ƙara ta fito kamar ta tsakuwa.

"Mma ce?"

Haka yake kiran mahaifiyarta, irin na mutanen Zongon Kumasi.

Safiatou ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ƙasa ta kalla.

"Ba komai," ya ce, muryarsa ta dushe. "Laifina ne da na ba ki ajiya. Kar ki yi kuka, masoyiyata, aikinki ne aka ɓata, ba nawa ba."

Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi.

*

Gaskiya ya faɗa, aikinta ne. Haƙoran roba take haɗawa a wani ɗakin aiki a unguwar Bronx, hannunta ba ya rawa. Ranar da ta fara ganin fentin da Hakeem ke yi wa sojojinsa ta ce, "Wannan ido ne ko ƙurji?" Ya miƙa mata buroshi ya ce ta gwada. Tun daga ranar ya sa mata suna Janar. Duk Asabar sai ta ce wa Maman, mahaifiyarta, tana aiki, ta hau jirgin ruwa zuwa Port Richmond, unguwar su Hakeem, su zauna bayan shagon ƙanwarsa, shi yana gini ita tana fenti.

Son sa take yi. Son abin ma take yi.

Amma ba ta taɓa faɗa wa kowa zancen sojojin ba. Da ƙyar Maman, wato Hajiya Umma, ta yarda da shi tun farko: mutumin Gana, mai gyaran lifta ta hawa bene, alhali ga Alkasim ɗan wanta yana aiki a ofishin jakadanci da kwat da mota. Mako mai zuwa manyan Hakeem za su zo gaisuwa. Ta yaya za ta buɗe baki ta ce mutumin da ya haura talatin, wanda zai riƙe ta, wasan 'yar tsana yake yi?

Hakeem ya kawo mata akwatin gidansu da ke Fordham Road don ta ƙarasa tutoci. Alkasim ya gan su, ya tsegunta wa Maman. Jiya bayan la'asar ta dawo aiki ta tarar da akwatin a buɗe a tsakar falo, Maman na zaune a gabansa da carbi.

"Mine ne wanga, Safiatou?"

"Maman..."

"Gumaka! Ƙarƙashin gadonki! Tun yaushe mala'iku suka daina shiga gidana ban sani ba? Na wa ne?"

Kalma ɗaya ce. Suna ɗaya.

"Na wani Bature ne a wurin aiki," ta ji bakinta na faɗa. "Ba shi da cikakken hankali. Ajiya ya ba ni, gobe zan maida."

"Ba za su kwana da kai a gidana ba. Malam ya ce in an cire kai ba sura ba ce. Ko ki cire, ko Alkasim ya kai su shara yanzu."

Safiatou ta ɗauko 'yar filayar da Hakeem ya saya mata.

Ɗaya bayan ɗaya. Fuskokin da ta yi watanni tana zana musu gira da gashin baki. Maman na jan carbi, ita tana datsewa. Ta ce wa ranta ceton su take yi. Ta san ba haka ba ne. Da ta ambaci sunansa, da faɗa kawai za a yi, ta ɗauki akwatinta ta kai gidan ƙawa.

Kunya ta ji. Shi ke nan.

*

"Salamu alaikum!"

Muryar Alkasim ce. Safiatou ta juya. Ga shi cikin kwat, waya a sama yana ɗaukar bidiyo. Ga Maman a bayansa da babban mayafi, tana takawa a hankali saboda gwiwa, tana kallon zauren kamar ta shigo mashaya.

"Voilà, Tanti," in ji Alkasim. "Ga Baturen namu. Ga gumakan, ga ƙwayoyin caca. Ban ce maki ba?"

Hakeem ya ajiye gwangwanin. A gaban 'yan wasansa shida ya durƙusa har ƙasa.

"Mma, barka da zuwa. Ya gwiwar?"

Maman ta kau da kai.

"Na ga abin da aka yi, Mma. Ban riƙe ki ba ko kaɗan. Gidanki ne, kina da iko. Ni ya kamata in zo in yi miki bayani tun farko, ki gafarce ni."

"Ka riƙe ni a kan mi?"

"Kawunan..."

"Ni?" Maman ta dafa ƙirji. "Ko taɓa su ban yi ba! Ga wadda ta yanke nan, da hannunta. Ta ce na wani Bature ne marar hankali."

Alkasim ya matso da wayar.

Hakeem ya miƙe a hankali. Bai kalli Maman ba, bai kalli wayar ba.

"Safi?"

"Hakeem, bari in..."

"Marar hankali?"

"Na tsorata ne..."

"Ɗazu na tambaye ki. Kika bar ni na ɗora wa tsohuwa laifi."

'Yan wasan ba sa jin Hausa, amma duk sun sunkuyar da kai, wani yana ta juya tef ɗinsa.

"Kawuna gam ne, Safi. Mako ɗaya na gyara." Ya cire katin shaidar mai tebur daga wuyansa ya ajiye a kan gadar. "Amma ni ba zan auri wadda ke ɓoye ni ƙarƙashin gado ba."

Ya bi ta tsakanin tebura ya fita.

"Hakeem!"

Bai waiwayo ba.

"Oh là là," in ji Alkasim. "Bar shi, ƙanwata. Allah ne ya tsare ki. Zo mu tafi, mota na ƙasa."

Wata mata mai furfura daga cikin masu shirya taron ta ƙaraso. Da Turanci ta tambaya ko lafiya, lokacin farawa ya wuce. Idan mai tebur ba ya nan, in ji ta, dole ta raba mutanen zuwa wasu tebura ta ba wani wurin. Wanda kuma ya bar mutane a zaune, da wuya a sake ba shi.

Safiatou ta kalli garin. Ta tuna ranar da gam ya cinye masa fatar yatsa yana gina gadar nan, yana ihu yana dariya.

"Safiatou, mu tahi," in ji Maman.

Safiatou ta ɗauki katin ta rataya a wuyanta.

"Akwai mai tebur," ta ce wa matar. "Ni ce."

"Ke!" Maman ta kama mata hannu. "Kin haukace? Cikin maza? Alkasim na ɗauka, dangi duka za su gani, har Maraɗi!"

"Ya ɗauka."

Ta zare hannunta daga na Maman. Ta fara jera sojojin marasa kai a bakin gada. Jajayen, tsohuwar rundunar Hakeem, ta jera su a ƙetaren kogi. Ta yi bayani da Turanci kamar yadda ta sha jin yana yi: ukunku ku ne shuɗɗa, gada taku ce, ku riƙe ta. Ukunku jajaye, ku ƙwace. Mai tafiya ƙasa inci shida zai matsa, mai gudu ba ya harbi.

Wani dattijo Bature mai ƙaton ciki ya ɗaga soja guda kusa da tabaronsa. Ya ce fentin ya yi kyau ƙwarai, amma me ya sami kawunansu?

Ta ba shi amsa da Turanci. Sannan ta juya ta kalli wayar Alkasim ido cikin ido ta maimaita da Hausa.

"Ni na yi musu fenti. Duk Asabar ɗin da na ce ina aiki, wannan nake yi. Na Hakeem ne, wanda zan aura in ya yarda. Ni na sare su don na ji kunyarsa, na yi masa ƙarya, na yi wa uwata ƙarya. Tura, Yaya Alkasim. Ka fara da Tanti Huda, ta fi saurin yaɗawa."

Alkasim ya sauke wayar kaɗan.

Fuskarta zafi take yi kamar ta leƙa tukunya. Ta miƙa wa dattijon ƙwayoyin.

"Jefa."

*

Maman ba ta tafi ba. Gwiwa ta hana ta tsayuwa, wani saurayi mai ɗan kunne ya ba ta kujerarsa. Ta zauna ta ƙanƙame jaka, tana bin hannun kowa da ido.

Jajaye suka kutso. Shuɗɗa suka zuba musu wuta daga saman wani rusasshen bene. Dattijon ya jefa ƙwayoyi, duk suka faɗi a kan ɗaya, ya riƙe kai yana salati irin nasu, sauran suka fashe da dariya.

"Ina ake aje kuɗin?" Maman ta tambayi Alkasim.

"Ɓoyewa suke, Tanti."

"Safiatou! Tambayi tsohon nan, in ya ci mi za a ba shi?"

Ta tambaya. Dattijon ya ɗaga kafaɗa. Ba komai, in ji shi. Tun yana saurayi yake yi, ko kofin shayi bai taɓa ci ba.

"Ba komai?"

"Ba komai, Maman."

"To wanga ba caca ba ce. Rashin aikin yi ne." Ta juya ga Alkasim. "Kai ka ce mani gidan caca. Ka raba ni da tukunyata a wuta. Kashe wayar nan kafin in kashe maka ita."

"Amma Tanti, gumakan..."

"Gumakan ba su da kai. Kai ma na fara shakka."

Ta sunkuya ta ƙura wa wani soja ido, mai riƙe da tuta. Ta ja shi kusa da ɗan yatsa ɗaya, kamar mai taɓa kunama.

"Safiatou."

"Na'am."

"Wannan ba zanena ba ne mai ruwan goro? Wanda na ce ɓera ya ci mani gefe?"

"Shi ne."

"Ɓera," in ji Maman. Ta maida sojan daidai inda yake.

Can ta yi magana ƙasa-ƙasa, ba ta ɗago ba.

"Yaron nan ya durƙusa mani cikin Turawa, yana neman gafarata a kan abin da ban yi ba. Ke kuma da na haifa kin kalli idona kin yi ƙarya. Ni ina ta tunanin ko ya isa a ba shi ke. Ashe tambayar a juye take."

Safiatou ta koma kan teburin. Ta ja tef don auna harbin wani soja.

"Daga gindinsa ake aunawa, ba daga bakin bindiga ba."

Hakeem ne a bayanta. Ruwan alwala bai gama bushewa a gemunsa ba. Ba ta san tun yaushe yake tsaye ba.

"Na sani," ta ce. "So nake ka yi magana."

"Kin ga na dawo ne?"

"A'a. Tun ɗazu nake yin kuskuren, ko Allah zai sa."

Bai yi dariya ba. Ya karɓi tef ɗin, ya auna, ya ce wa mai harbin bai kai ba. Ya maida mata.

"Tambaya ɗaya, Safi. Tsoron Mma ne kawai?"

Nan ma ga ƙofa a buɗe. In ta ce e, zai yarda.

"A'a."

"Faɗa."

"Kunyarka nake ji. Tun farko. In ƙawayena suka tambaya me kake yi ranar hutu, sai in ce ƙwallo. Ina son ka, ina son abin, amma ban so a san ni da shi ba."

"Ƙwallo," ya ce. "Ni da ko dokar ƙwallo ban sani ba."

"Ka yafe mini, Hakeem..."

"Gama wasanki. Mutane na jira."

"Teburinka ne."

"Katin a wuyanki yake."

Ya ja kujera ya zauna nesa da ita, kusa da Maman. Har aka tashi bai ƙara ce mata komai ba. Shuɗɗa suka rasa gadar. Dattijon ya yi musabaha da Hakeem, ya ce baɗi ma zai zo teburin nan. Hakeem ya kwashe kayansa shi kaɗai, ya ƙi ta taya shi. Gwangwanin madarar kawai ya bari a kan tebur.

Ta ɗauke shi ta sa a jaka.

*

Bai kira ba. Ita ma ba ta kira ba, ba ta da abin ƙarawa.

Bidiyon kuwa ya zagaya, Alkasim ya riga ya tura kafin a hana shi. Tanti Huda ta kira daga Harlem tana salati. Ƙawayenta suka cika mata waya da hoton 'yar tsana. A shagon kayan miya na Fordham Road wata mata ta ce, "A'a, Janar ce da kanta!" aka kwashe da dariya har mai yankan nama. Safiatou ta ce, "Ni ce," ta ɗauki kuɓewarta ta fita.

Ranar da aka sa ta gaisuwa, Maman ta tashi ta ɗora tukunya.

"Ba za su zo ba, Maman."

"Dafawa zan yi. In ba su zo ba ke za ki cinye, horonki ke nan."

Bayan azahar aka buga ƙofa. Kawunnan Hakeem biyu cikin manyan riguna, da goro, da kwalin dabino. Shi yana bayansu, akwatin nan a hannunsa.

Maman ta tare ƙofa.

"Da kai ko babu?"

"Babu, Mma. Kuma ba zan maida ba."

"To su shigo."

Maza suka zauna falo. Safiatou na kicin tana zuba zoɓo yana zubewa a ƙasa. Hakeem ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba.

"Na ji an ce har mai yankan nama ya san ki."

"Har da shi."

"Ya abin yake?"

"Da zafi."

"Haka nake ji tun ina makaranta. Ana sabawa." Ya sosa gemu. "Ban huce duka ba, Safi. Kar ki ɗauka na huce."

"Ban ɗauka ba."

"Amma wani taron na tafe da kaka, kuma jajayen nan idanunsu har yanzu ƙuraje ne."

Ta ajiye jug ɗin. Hawayen da ta riƙe tun ranar taron suka zo, ta share da bayan hannu da sauri.

"Maman ta ce ba 'yar tsana mai ido a gidan jikokinta."

"To ki yi musu hular ƙarfe mai rufe fuska, Janar. Ni dai kar ki sake taɓa filayar nan."

Aka ɗaura aure bayan Sallah. Alkasim ya aiko da uzurin aiki.

A gidansu na Port Richmond akwai kabad na gilashi a falo, daidai inda mai shigowa zai fara gani, inda sauran amare ke jera kwanuka. Shuɗɗan ne a ciki sahu-sahu, da tutarsu mai ruwan goro, gwangwanin madara a gefe. Hakeem ya so a kai su ɗaki. Ita ta ƙi.

Duk baƙuwar da ta zo ganin ɗakin amarya sai ta tsaya ta tambaya.

"Ikon Allah! Amarya, waɗannan fa? Na yaran maƙwabta ne?"

Har yanzu fuskarta na ɗaukar zafi. Har yanzu tana jin idon Hakeem a kanta daga inda yake zaune.

"Namu ne," take cewa. "Ni na yi musu fenti."

"To wa ya cire musu kai?"

"Shi ma ni ce. Zauna, Anti, in kawo miki ruwa in ba ki labari."